Bindigar Gado a Hannun Ɗan Shekara 15: Me Doka Ta Ce?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Yayana ya rasu a nan Daura wata biyu da suka wuce. Cikin abin da ya bari akwai bindigar farauta mai baki biyu, da lasisinta mai ɗauke da sunansa. Da aka yi rabon gado sai ta faɗa kason babban ɗansa, mai shekara 15, wanda yanzu yake hannuna. Yaron ya saba bin mahaifinsa farauta da rani, ya iya harbi, kuma ya matsa a ba shi ita don gadin gona. Yanzu haka tana ɗakina. Shin doka ta yarda ya riƙe ta tunda gadonsa ce? In ba ta yarda ba, zan iya ajiye masa har ya girma? Daga wani mai karatu a Daura.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan yayanka, Ya raya abin da ya bari.

Malam, yaron ba zai riƙe ta ba. Kai ma da take ɗakinka, doka ba ta tare da kai a halin da ake ciki, kuma wannan ya fi damuna a kan maganar yaron.

Dokar da ke iko da wannan sha'ani ita ce Dokar Bindigogi ta 1959, ta gwamnatin tarayya. Kundin tsarin mulki ya sa makamai da harsasai cikin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka, saboda haka babu wata ƙa'ida ta daban ga Daura ko Katsina wadda za ta sassauta ta. Dokar ta kasa bindigogi gida uku. Akwai haramtattu, irin bindigogin yaƙi da masu jigida da fistol, waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa. Akwai na amfanin kai, su ne bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu, da raifil ɗin farauta, har da bindigar iska. Lasisinsu a hannun Sufeto Janar na 'yan sanda yake. Sai na ukun, waɗanda ake ɗura wa albarushi ta baki, irin harbi-ruga ta maharbanmu, waɗanda Kwamishinan 'yan sanda na jiha, da amincewar Gwamna, yake iya hana riƙe su sai da lasisi. Ta yayanka tana gida na biyu. (Masu ajiye wadda ake zugewa da hannu ta sake ɗura harsashi, wato fam-akshin, su lura: dokar ta cire ta daga na amfanin kai, ta koma cikin haramtattu, ko da kuwa harsashin farauta take ci.)

Sashe na 6 na dokar ya ambaci mutanen da ba a ba su lasisi, kuma na farko a ciki shi ne wanda bai kai shekara 17 ba. Sauran su ne mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi, da wanda kotu ta kama da laifin tashin hankali ko barazanarsa cikin shekara biyar da suka gabata. Babu inda aka ce sai dai in yaron ya iya harbi, ko uban gidansa ya tsaya masa, ko gonar tana bakin daji. Ɗan yayanka yana da sauran shekara biyu kafin ma a karɓi takardar nemansa, kuma sashen ya faɗa ƙarara cewa lasisi ba haƙƙi ba ne da mutum zai ce dole a ba shi. Hukuma na iya hanawa.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne maganar gado. Alƙali ko malamin da ya raba ya yi daidai da ya lissafa bindigar cikin tarika, domin dukiya ce mai daraja, kuma darajar nan ta yaron ce, babu mai cinye masa. Amma lasisi ba ya cikin abin da ake gada. Ɗauko takardar ka duba: sunan marigayi ne a jiki, da lambar da aka buga a ƙarfen bindigar. Izini ne da aka ba mutum ɗaya a kan bindiga ɗaya, kamar lasisin tuƙi. Ɗa yana gadon motar ubansa, amma ba ya hawa titi da lasisin uban. Ko a fiƙihunmu ba a miƙa wa maraya dukiyarsa sai an jarraba shi an ga hankalin riƙo, kamar yadda aya ta 6 ta Suratun Nisa'i ta nuna. Waliyyi ne ke tsare masa ita.

To amma a nan waliyyin ma ba ya riƙewa haka kawai. Dokar ta ba wanda kayan mamaci suka shigo hannunsa kwana 14 kacal daga ranar rasuwa ya riƙe bindigar da harsasanta ba tare da lasisi ba, kuma ko cikin kwanakin 'yan sanda na iya karɓarta su kai ma'ajiyar makamai ta gwamnati har sai an ba wani lasisi a kanta. Kai ka yi wata biyu. Hukuncin riƙe irin wannan bindiga babu lasisi a dokar 1959 ɗauri ne da zai iya kai shekara biyar. Dokar Fashi da Makami ta 1984 kuwa, wadda masu gabatar da ƙara suka fi son ɗaukowa, ta tanadi tarar naira 20,000 ko ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, ko duka biyun. Ba a buƙatar a ce ka harbi kowa, samun ta a ɗakinka ya isa.

In kuwa ka miƙa wa yaron, an yi biyu ke nan. Shi za a kama da ita a hanyar gona, kuma ƙuruciyarsa ba za ta wanke shi ba. Abin da za ta yi masa kawai shi ne a bi da shi ta tsarin shari'ar yara. Kai kuma a tambaye ka yadda ta fita daga ɗakinka. A ra'ayina ko bayan ka samu lasisi da sunanka, kada ka bar shi ya fita da ita, domin dokar ta hana mutum bindiga ta kasance a hannunsa ko ƙarƙashin ikonsa babu lasisi, kuma ta ɗora wa mai lasisin nauyin tsare ta.

Na san abin da wasu za su ce: ai tsohon Gwamna Aminu Bello Masari da bakinsa ya ce a 2021 mutane su nemi makami su kare kansu daga 'yan bindiga. Ya faɗa, kuma duk wanda ya san halin da Jibiya da Batsari da Safana suka shiga ya san dalili. Sai dai jawabin Gwamna ba ya goge sashen dokar tarayya, ballantana ya rage shekarun da ta gindaya. Wasu kuma suna ganin bidiyon yaran Turawa suna harbi a waya. A Ingila ana ba yaro takardar bindigar farauta, amma in bai kai 15 ba sai da babba a tare da shi, kuma ba ya saye sai ya kai 18. A Amurka dillali mai rajista ba ya sayar wa wanda bai kai 18 ba doguwar bindiga. Tasu dokar ke nan, ba ta aiki a gaban alƙalinmu.

Abin da nake ba ka shawara: yau ɗin nan ka cire harsasan, ka kulle su a wuri daban, makullin yana aljihunka. Kada ka naɗe ta a buhu ka ɗaura a babur ka nufi caji ofis, don in aka tare ka a shinge babu bayanin da zai fisshe ka. Ka fara zuwa hannu rabbana wurin Difi'o, da lasisin marigayi da shaidar rasuwa da takardar rabon gado in akwai, tare da lauya ko mai unguwarku, ka yi bayani a rubuce. Su za su faɗa maka yadda za a kawo ta. Ranar miƙawa ka tsaya sai an ba ka takardar shaida mai ɗauke da lambar bindigar da yawan harsasan da sa hannun wanda ya karɓa, ka yi mata hoto ka adana.

Daga nan kana iya neman lasisi da sunanka ta hedikwatar 'yan sanda da ke Katsina, amma ka sani a 2023 muƙaddashin Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sanar da dakatar da ba da sababbin lasisi, don haka ka fara tambayar inda aka kwana kafin ka kashe ko kwabo. In jiran zai yi tsawo, ku zauna da mahaifiyar yaron ku duba sayar da ita ta hannun dillali mai rajista ga wanda hukuma ta yarda ya mallaka, a juya kuɗin zuwa tumaki ko kuɗin makarantarsa, a rubuta a gaban shaidu.