Shayin rage ƙiba ya sa ni zawo, ina mafita?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni matar aure ce a unguwar Mabera, Sakkwato, shekaruna 34, 'ya'yana huɗu, na ƙarshen na yaye shi tun bara. Nauyina ya kai kilo 92 alhali tsayina bai wuce mita 1.6 ba, har gwiwoyina sun fara ciwo idan zan ɗago daga sujada. Wata maƙwabciyata ta sayar mini da shayi da wasu ƙwayoyi, ta ce ganye ne zalla. Na sha na mako biyu, na yi ta zawo, zuciyata tana bugawa da sauri, barci ya ƙaurace mini. Kilo uku suka sauka, amma ina dainawa suka dawo. Yanzu ko karin kumallo ba na yi. Shin in koma kan ƙwayoyin ne?

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Don Allah kada ki koma kansu. Abin da ya fita daga jikinki a makonnin nan biyu ruwa ne, kitsen yana nan inda yake, shi ya sa sikeli ya koma gidan jiya da zarar kin ci kin sha. Yawancin irin wannan shayi da filasko ake haɗa shi, wanda iyayenmu suka daɗe da sani a matsayin maganin wankin ciki, kuma yin zawo kwana da kwanaki a gari irin Sakkwato, inda zafin Afrilu yake haura digiri 40, yana ƙarar da ruwa da gishirin jiki har ya taɓa ƙoda.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne bugun zuciya da rashin barcin da kika ambata. Akwai wani magani mai suna sibutramine da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda yana ƙara haɗarin ciwon zuciya mai tsanani da shanyewar ɓarin jiki, amma har yau hukumomin magunguna suna gano shi ɓoye cikin ƙwayoyin da aka rubuta musu "na ganye". Ba na zargin maƙwabciyarki da mugunta, domin ita ma abin da aka faɗa mata take faɗa. Sai dai duk abin da babu lambar hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta NAFDAC a jikinsa, kuma ba a fayyace abin da ke cikinsa ba, bai kamata ya shiga bakinki ba. Wani abin takaicin kuma, kasuwar da ke sayar wa 'yan mata "sha ka fashe" don su yi ƙiba ita ce ke jiran su da na ragewa bayan 'yan shekaru.

Idan aka raba nauyinki da tsayinki sau biyu, lissafin yana kai wa kusan 36, kuma daga 30 likitoci ke kiran abin ƙiba mai buƙatar kulawa. Kada wannan ya karya miki gwiwa. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari kaɗai, wato kilo biyar zuwa tara a wajenki, ya isa ya sassauta hawan jini da suga da ciwon gwiwa, kuma rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako shi ne saurin da jiki ke iya riƙewa.

Ki fara da abin sha, domin a nan ne mafi yawanmu muke cutar kanmu ba mu sani ba. Kwalbar lemo mai santilita 50 tana ɗauke da suga kusan giram 50, kimanin ƙaramin cokali goma sha biyu, wanda shi ne iyakar abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda babban mutum ya sha a wuni guda. Fura da nono ba su da laifi, laifin yana ga sugan da ake zubawa da ludayi, haka ma zoɓo da kunun aya da shayin safe. Ki riƙa ragewa kaɗan-kaɗan har harshe ya saba. Sai kuma mai: babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja yana da kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) kusan 120, don haka ki daina tuttula shi daga galan, ki auna da cokali. Idan kina cin malmala biyu ta tuwo, ki koma ɗaya, ki cike gurbin da miyar kuka ko kuɓewa ko lalo, da kwaɗon zogale ko rama, da wake da kifi. Ragowar da yara suka bari a faranti, wadda iyaye mata kan cinye don gudun almubazzaranci, ki rufe ta ki ajiye musu.

Barin karin kumallo ba ya taimakon wadda yunwa za ta kora ta ci na mutum biyu da azahar. Koko marar suga da dafaffen ƙwai ko alala ya fi ƙosai da waina kullum. Ki haɗa da tafiya ta rabin sa'a bayan asuba, kwana biyar a mako, kafin rana ta buɗe, ko da zagayen tsakar gida ne.

Akwai magungunan rage ƙiba na gaskiya, kamar orlistat da ke hana jiki tsotsar kusan kashi ɗaya cikin uku na maiƙon abinci, da allurar semaglutide ta mako-mako, amma kowanne yana da illolinsa, nauyin kan dawo idan an daina, kuma likita ne kaɗai zai yanke ko sun dace da ke. Ki je Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Asibitin Ƙwararru a auna jininki da suganki, a duba zuciya da ƙoda. Ki tafi da ragowar shayin da ƙwayoyin cikin kwalinsu, ki nuna wa likita, ki faɗa masa kwana nawa kika yi kina sha.