Tambaya da Amsa: Wa Ya Ga Himoglobin Har Ya Zana Shi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce a makarantar koyon aikin jinya a Zariya. A darasin cutar sikila an nuna mana hoton himoglobin mai launuka, a murɗe a nannaɗe, aka ce sauyin amino asid guda ɗaya tak a cikinsa ne ke jawo cutar. Amma malamin da ya nuna mana hoton shi ne kuma ya ce madubin da ke ɗakin gwaje-gwajenmu ba zai taɓa nuna himoglobin ba. To wa ya gan shi har ya zana shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Malaminku ya faɗi gaskiya, hoton da ya nuna muku shi ma gaskiya ne, sai dai lissafo shi aka yi, babu kyamarar da ta ɗauke shi. Madubin likita yana aiki ne da hasken da ido ke gani, wanda zangonsa, wato tsawon igiyarsa, yake tsakanin nanomita 400 zuwa 700, kuma idan aka raba milimita ɗaya gida miliyan, kashi ɗaya shi ne nanomita. Haske ba ya iya bambance abin da bai kai rabin zangonsa ba. Shi ya sa kike ganin jar ƙwayar jini, mai faɗin nanomita 7,000 zuwa 8,000, har ki gane wadda ta lanƙwashe ta yi siffar lauje, amma himoglobin da ke cike da cikinta, mai faɗin nanomita 6 ko kusa da haka, ya fi ƙarfin madubin.

Himoglobin furotin ne, shi kuwa furotin sarƙa ce ta ƙananan sinadarai da ake kira amino asid, iri 20, a jere kamar 'ya'yan carbi, sai dai wannan carbin yana nannaɗe kansa ya ɗauki sura guda takamaimai, kuma surar ce ke ba shi aikinsa. Himoglobin sarƙoƙi huɗu ne a manne: alfa biyu masu amino asid 141 kowacce, da beta biyu masu 146, jimilla 574, kowace sarƙa kuma tana rungume da ƙwayar zarra ɗaya ta ƙarfe wadda iskar oksijin ke kamawa.

Hasken da zangonsa ya yi daidai da tazarar da ke tsakanin ƙwayoyin zarra shi ne eksire, mai kimanin nanomita 0.1. Matsalar ita ce babu gilashin da zai tattara shi ya fitar da hoto kai tsaye, kuma abin da furotin guda ɗaya zai tarwatsa na hasken ya yi kaɗan ainun. Dabarar ita ce a sa biliyoyinsu su yi sahu su zama kiristal, irin yadda gishiri ko alif ke yi. Ana tace furotin ɗin, a gauraya ɗigo ɗaya da ruwan gishiri na musamman, a rufe shi a bar ruwan ya riƙa janyewa a hankali, sai a yi ta leƙawa kwanaki, makonni, wani lokaci watanni, da fatan ganin ɗan ƙwanƙwamin da sau da yawa bai kai milimita ɗaya ba. A nan ne yawancin masu wannan sana'a suke shan wahala, domin furotin da yawa ƙememe suke ƙin yin kiristal.

Idan an samu, sai a harba masa eksire ana jujjuya shi. Hasken yana fitowa ta baya a tarwatse, ya bar dubban ɗige-ɗige a kan allon da ke karɓarsa, wasu masu kauri, wasu dishi-dishi. Daga wurin da kowane ɗigo ya faɗi da kuma ƙarfinsa ake lissafo inda kowace ƙwayar zarra take. Amma allon yana rubuta ƙarfin hasken ne kawai, ba ya rubuta ko wace igiyar haske ce ta riga wata isowa, kuma in babu wannan bayanin lissafin ba ya tashi. Max Perutz na Jami'ar Kambirij a Ingila, wanda ya fara aiki a kan himoglobin na jinin doki a 1937, shi ne ya samo mafita a 1953: ya liƙa wa furotin ɗin ƙwayoyin zaiba masu nauyi, ya kwatanta ɗige-ɗigen kiristal mai zaiba da na marar zaiba, bambancin ya ba shi abin da allon ya ɓoye. Da wannan dabara abokin aikinsa John Kendrew ya fitar da surar mayoglobin, mai ajiye oksijin a tsoka, a 1958, furotin na farko da aka san surarsa, shi kuwa Perutz sai a 1959 ya kai ga himoglobin, bayan shekara 22. Sun raba kyautar Nobel a 1962.

Batun amino asid guda ɗaya kuwa ta wata hanya ya fito. A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa a Amurka suka saka himoglobin na masu sikila da na masu lafiya a cikin ruwan da lantarki ke ratsawa, suka ga gudunsu ya bambanta. A 1956 da 1957 Vernon Ingram ya daddatsa furotin ɗin, ya nuna cewa a gurbi na shida na sarƙar beta, amino asid ɗin da ake kira gulutamik asid, mai cajin lantarki, ya ba wa wani mai suna balin wuri, shi kuwa balin ba shi da caji, kuma ba ya shiri da ruwa. Gwajin jinin da ake yi wa masu shirin aure a ce musu AA ne ko AS ko SS, a yawancin asibitocinmu wannan gwajin na Pauling ne aka sauƙaƙa. Abin da eksire ya ƙara shi ne dalilin ɓarnar: gurbi na shida a bayan furotin yake, yana fuskantar waje, kuma idan himoglobin ya sauke oksijin, balin ɗin yana shigewa cikin wani ɗan loko da ke jikin himoglobin na kusa da shi, wannan ya kama wancan, har su zama dogayen zaruruwa masu tauri da ke miƙe ƙwayar jinin su lanƙwasa ta.

Tambaya: Malam, ni mai harhaɗa magunguna ne a Maraɗi. Na fahimci cewa a cikin kiristal furotin a tsaye yake cik, alhali a jiki yana cikin ruwa yana aiki. Yaya aka san motsinsa, kuma yaya ake auna kamun da magani ke yi masa?

Amsa: Malam, ka taɓo inda eksire yake da rauni. Tun a 1938 wani masani mai suna Felix Haurowitz ya lura cewa kiristal na himoglobin marar oksijin yana tsattsagewa idan iska ta shige shi, alamar cewa furotin ɗin yana sauya sura har sahun ya kasa riƙe shi. Daga baya Perutz ya fitar da surorin biyu, mai oksijin da marar oksijin, aka ga sarƙoƙin suna juyawa a kan juna da kimanin digiri 15. Sai dai wannan mafari da maƙura ne, tafiyar da ke tsakani ba ta fito ba.

Hanyar da ta fi nuna motsi ita ce NMR, 'yar'uwar na'urar MRI ta asibiti, domin tushensu ɗaya. Ana zuba furotin a ruwa cikin siririyar kwalba, a zura ta a tsakiyar maganaɗisu mai tsananin ƙarfi, a aika mata igiyoyin rediyo. Cibiyar kowace ƙwayar haidurojin tana amsawa da tata mitar, gwargwadon maƙwabtan da ke kewaye da ita, kuma guda biyun da tazararsu ba ta wuce rabin nanomita ba suna barin alama a kan juna. Idan aka tara irin waɗannan tazarori ɗaruruwa ko dubbai, kwamfuta tana fitar da surorin da suka dace da su. Abin da nake so a wannan hanya shi ne ba ta ba da sura ɗaya, tarin surori take bayarwa a ɗora bisa juna: inda suka haɗu furotin ɗin a kafe yake, inda suka watse kuwa galibi wurin yana kaɗawa. Kurt Wüthrich na birnin Zurik ne ya fara fitar da surar furotin ta haka a tsakiyar shekarun 1980, ya sami Nobel a 2002. Iyakarta ita ce girma, domin idan furotin ya yi nauyi amsoshin suna cakuɗewa.

Akwai kuma dabarar ruwa mai nauyi, wanda haidurojin ɗinsa ya ninka na ruwan sha nauyi. Idan aka jiƙa furotin a ciki, sassan da suke a buɗe ko suke yawan motsi suna saurin musayar haidurojin ɗinsu da mai nauyin, waɗanda ke ƙunshe a ciki kuma su yi jinkiri, sai a daddatsa shi a auna nauyin kowane yanki.

Kamun magani ana auna shi da hanyoyi biyu da suka fi yaɗuwa. A ta farko ana ɗiga maganin kaɗan-kaɗan cikin ruwan furotin, na'ura tana auna ɗan zafin da kowane ɗigo ya fitar ko ya shanye, har furotin ya ƙoshi zafin ya daina sauyawa. Daga nan ake sanin ƙarfin kamun da kuma magani nawa furotin ɗaya ke ɗauka. A ta biyu ana kafe furotin a kan gilashin da aka shafa wa zinariya, a gudano maganin ta kansa, hasken da ake haskawa ta ƙasa kuma yana sauya kusurwa yayin da maganin ke kamawa da saki, don haka har saurin kamun da saurin sakin ake gani.

Zan ƙara da jan hankali, tunda magani ne sana'arka. Voxelotor magani ne da aka san inda yake kama himoglobin sarai, a bakin sarƙar alfa, yana riƙe shi a surar mai oksijin don kada ya yi zaruruwa. Amurka ta amince da shi a 2019, amma a watan Satumba na 2024 kamfanin Pfizer ya janye shi daga kasuwa, saboda bayanan marasa lafiya sun nuna haɗarinsa ya rinjayi amfaninsa. Waɗannan na'urori suna gaya mana inda magani ya kama da ƙarfin kamun. Ko mai ciwo zai ji sauƙi, wannan gwaji a kan mutane ne kaɗai ke iya faɗa.

Tambaya: Ni ɗalibin ilimin kwamfuta ne a Kumasi. Na ji an ce manhajar AlphaFold, mai hasashen surar furotin, ta gama da wannan matsala. Shin har yanzu ana buƙatar waɗancan injuna masu tsada?

Amsa: Ɗana, ana buƙatarsu, har ma akwai wata da ban ambata ba. Madubin ilektiron mai sanyi ya kawar da wahalar kiristal: ana shimfiɗa ruwan furotin siriri a kan 'yar raga, a tsoma shi farat ɗaya cikin ruwan wani sinadari mai suna itan da naitirojin ya sanyaya, ruwan ya daskare kamar gilashi kafin ƙanƙara ta samu damar yin sahu, sannan a ɗauki hotunan furotin dubban ɗaruruwa, kowanne a kwance ta fuskar da ya faɗi, kwamfuta ta haɗa su. Jacques Dubochet da Joachim Frank da Richard Henderson sun sami Nobel a kansa a 2017, kuma da shi aka fitar da surar ƙahon ƙwayar cutar korona a Jami'ar Tekzas a watan Fabrairu na 2020, makonni kaɗan bayan bayyanar tsarin ƙwayar halittarta.

AlphaFold babban aiki ne, ba na rage masa komai. A gasar hasashen surar furotin ta 2020 ya kai kusa da abin da gwaji ke bayarwa, ya fitar da hasashen furotin sama da miliyan 200, kuma Demis Hassabis da John Jumper sun raba Nobel ta 2024 da David Baker. Amma a ina ya yi karatu? A rumbun PDB, ma'ajiyar surorin furotin da aka gano ta gwaji, wanda aka buɗe a 1971 da surori bakwai, yanzu kuma sun haura 200,000, kusan dukkansu daga eksire da NMR da madubin ilektiron. A cikinsu akwai guminsu Dorothy Hodgkin, wadda ta shafe fiye da shekara 30 a kan insulin kafin ta kammala a 1969, kuma a ƙasarku take zaune lokacin da labarin kyautarta ta Nobel ya iske ta a 1964, mijinta yana shugabantar Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana. Manhajar ta ƙware wajen faɗin yadda sarƙa za ta nannaɗe, amma tana da rauni wajen motsi da kuma tasirin sauyin amino asid ɗaya. Himoglobin mai sikila da mai lafiya naɗinsu kusan ɗaya ne, ɓarnar tana cikin yadda suke kama juna bayan sun sauke oksijin, kuma wannan gwaji ne ya nuna shi.

Game da tsada, yawancin aikin eksire a yau a sinkurotiron ake yi, wato zoben injin da kewayensa kan kai ɗaruruwan mita, kuma har yanzu babu ko ɗaya a nahiyar Afirka. Na Jodan mai suna SESAME an buɗe shi a 2017. Masu bincike kan daskarar da kiristal ɗinsu su aika zuwa irin na Giranobul a Faransa ko na Diamond a Ingila, su sarrafa injin ta intanet. Rumbun PDB kuwa kyauta ne ga kowa, kuma shafinsa yana da madubin da za ka jujjuya furotin da shi. Ka nemi lamba 2HHB, wato himoglobin na mutum marar oksijin, sannan ka nemi 2HBS, wato na sikila, wanda ke ɗauke da himoglobin biyu a manne. Ka lalubo gurbi na shida a sarƙoƙin beta na 2HBS, za ka sami balin na ɗayan a cuse tsakanin amino asid na 85 da na 88 na ɗayan.