Hoton Jarrabawa Ba Hoton Sallah Ba Ne

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da na sallami yaron da ya kawo hotonsa da na yayansa a waya, yana so a haɗa fuskokin a kwamfuta su zama ɗaya, ga shi kuɗin da ya ajiye ya fi na yini guda. Zauna ka ji.

Sojan gona ake shiryawa. Yayan ne zai shiga ɗakin jarrabawa da sunan ƙanen, ko BEPC ce, ko Probatoire, ko Bak, wato manyan jarrabawowin sakandare na nan Kamaru. Suna neman hoton da zai yi kama da kowannensu, don mai tsaron jarrabawa ya duba ya wuce. An fi gwada wannan da masu rajista daga gida, waɗanda ba ɗaliban wata makaranta ba, tunda babu malamin da ya san fuskarsu. Mai tsaron nan kuwa, a Garwa ko Marwa, ɗalibai ne cike da aji a gabansa. Abin da ke hannunsa katin shaida ne, da takardar rajista, da ɗan hoton 4x4 da ya fito daga shago irin namu. In hoton ya yi ƙarya, an rufe masa ido.

Shi ya sa nake hana ka gyaran fuska. Kar ka ƙara haske, kar ka goge tabo ko tsaga, kar ka share ƙuraje, ko da mai hoton ya roƙe ka. Da su ake gane mutum. Kunnuwa su fito, a cire hula da tabarau, ya fuskanci kyamara sosai, bango fari. Mai lulluɓi kuma a ga fuskarta daga goshi har haɓa, ba sai ta buɗe kai ba. Hoton da aka turo ta WhatsApp ba ma wanke shi don takardun jarrabawa. Mai shi ya zo ya zauna kan kujerar nan. Ka riƙa ajiye na asali da kwanan watansa.

In asiri ya tonu, sakamakon yaron ya tafi, ana iya hana shi zama na wasu shekaru, kuma dokar Kamaru ta tanadi ɗauri kan maguɗin jarrabawa. 'Yan sanda za su tambayi inda aka yi hoton. Amma ni abin da ya fi ci mini rai, ɗiyar talakan da ta kwana tana karatu da fitilar hannu, a zo a ba wani takardar da bai sha wahalarta ba.

Gobe akwai 'yan aji na ƙarshe da za su zo. Kai za ka ɗauke su, ina tsaye.