Kyanwata ta mutu, gida ya yi mini faɗi

Baba, ka ce tun da ka yi ritaya noman damina kaɗai kake taɓawa, ga kyanwarka ta mutu bayan kaka, zaman gida ya ishe ka. Allah ya ba ka haƙuri. Da tawa ta mutu, sai da na yi mako ina zuba mata madara da asuba kafin in tuna.

Fara duba ɗakin ajiyar hatsi, sau da yawa ɓeran da ya ci guba kyanwoyi suke ci su mutu. Kada ka kawo wata kyanwar sai ka kwashe maganin ɓeran. In kuwa kafin ta mutu ta yi dalala ko ta ciji wani, wataƙila cutar haukan kare ce, a kai wanda ta ciza asibiti yau, a sanar da likitan dabbobi.

Batun zama kuma, leƙa masu noman rani a Dadin Kowa ta jihar Gombe, ko ɗan fili ne na tumatir ka kama.