Yankan doguwar sitika ba tare da faifai ba

Tambaya: Ina da ƙaramin injin yanka sitika a gida. An ba ni aikin rubuta sunan shago mai tsawon mita 2, faifaina mai danƙo, wanda ake manna ledar sitika a kai kafin a sa ta cikin injin, kuwa inci 24 ne kawai. Da na cire shi na sa ledar kai tsaye, sai ta karkace tun kafin a kai rabi, ta cukurkuɗe. Laifin injin ne ko nawa?

Amsa: Malam, fara duba irin injin da ke hannunka, don ba kowanne aka yi wa wannan aiki ba. Cricut Maker 3 da Explore 3, waɗanda suka fito a 2021, suna yanka har ƙafa 12 babu faifai, amma sai da ledar kamfanin mai suna Smart Vinyl. Faɗinta inci 13 ne, takardar bayanta kuma ta fi ta sauran kauri, ita ce ke tsayawa a madadin faifan. In ka sa musu leda ta gama-gari mai inci 12, tayoyin da ke jan ta ba za su kama gefunanta da kyau ba. Maker na farko da Explore Air 2 kuwa dole sai da faifai. Silhouette Cameo, injin wani kamfani daban, ya fi sauƙin kai: yana karɓar kusan duk ledar da ke da takardar baya, matuƙar ka matso da tayar dama ta hau kan ledar ka kulle ta.

In injin ya dace, to matsalar daga wurin sakawa take. Karkatar digiri 1 kacal, wadda ido ba ya gani, tana zama kusan santimita 3 da rabi a ƙarshen mita 2. Nan ne leda ke suɓuce wa taya. Saboda haka ka daidaita bakin ledar da rula da reza ya miƙe sak, kada ka yarda da yankan almakashi. Ka jingina gefen hagu da layin da ke jikin injin, ka riƙe ta da hannu biyu har tayoyi su cafke ta a lokaci guda. Kafin wuƙa ta taɓa komai, ka sa injin ya ja tsawon gaba ɗaya ya dawo da shi. Injinan Cricut na yin haka da kansu don auna ledar. A Cameo kai za ka yi da maɓallan kibiya. In ta fara gocewa, cire ta ka sake, ba ka yi asarar ko inci ɗaya ba.

Abin da mutane suka fi mantawa shi ne nauyin naɗin ledar. Injin gida na iya shan wahalar jan naɗi sukutum. Ka warware tsawon da kake bukata tukuna, ka bar fili gaba da baya, kada ledar ta daki bango ko ta rataya daga tebur tana jan kanta ƙasa. A lokacin hunturu ka goge tayoyin, ƙura na sa su santsi.

Sai zurfin wuƙa. Ledar kaɗai ake so ta yanke, takardar baya ta tsira. In ta ratsa, takardar za ta yage cikin injin, kuma robar da ke ƙarƙashin wuƙar za ta yi zane. Gwada ɗan ƙaramin yanka a kusurwa, sannan ka rage gudu. Ka bar inci 1 fanko a gefunan zanen da inci 2 a ƙarshe.

Inda wuta ba ta da tabbas, na fi son a raba rubutun gida biyu a tsakanin kalmomi, a sa ƙananan alamomin daidaitawa da za a bi wajen mannawa, don in aka ɗauke wuta ana tsakar yanka, da wuya injin ya ci gaba daga inda ya tsaya.