Amsa: ciwon wuyan hannun mai sikila

'Yar'uwa, kin ce wata uku ke nan ƙaninki mai sikila yana fama da wuyan hannu, ko buta ba ya iya ɗagawa, hoton ƙashi (X-ray) kuma bai nuna komai ba.

Don Allah kada a kai shi wurin mai ɗori. A sikila, ƙwayoyin jini kan lanƙwashe kamar lauje, su toshe jijiyoyin da ke kai wa ƙashi jini, sai wurin ya riƙa mutuwa a hankali. An fi gani a ƙugu da kafaɗa, amma ƙananan ƙasusuwa 8 na wuyan hannu ma ba su tsira ba. Hoton farko kan fito lafiya lau, MRI, wato wani hoton asibiti da ke nuna cikin ƙashi dalla-dalla, shi ne ke kamawa da wuri. Ku nemi likitan ƙashi, shi kuma ƙanin naki ya hutar da hannun. Allah ya ba shi lafiya.