Tambaya da Amsa: Ko Kwikwiyo Zai Iya Zama Mai Gadin Kaji?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina kiwon kajin gida da zabi kusan 100 a gonata da ke bayan garin Funtuwa, kuma tun faɗuwar damina tunku da muzuru suke yi mini ɓarna, shirwa kuma tana surar 'yan tsaki da rana tsaka. Maƙwabcina ya ba ni kwikwiyo biyu 'yan wata 2, sai dai ina tsoron kada su girma su zama su ne masu cinye kajin. Yaya zan rene su?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya mayar maka da alheri. Ajiye kare saboda dukiyar kiwo ko gona yana cikin abin da hadisi ya halatta, saboda haka ta wannan fuska hankalinka ya kwanta. Tsoron da kake yi kuwa yana kan hanya, domin gadin kaji ya fi gadin tumaki wuya a wurin kare. Tunkiya tana da girman da za ta tunkuyi kwikwiyo ta koya masa ladabi, ita kuwa kaza da zarar ta firgita sai ta zura da gudu tana kaɗa fukafukai, kuma wannan gudun shi ne yake tayar masa da sha'awar farauta.

Akwai karnukan da aka daɗe ana zaɓensu domin wannan aiki kaɗai, irin su Maremma na Italiya da Kangal na Turkiyya. A wani ɗan tsibiri da ke gaɓar Warrnambool a Ostireliya, tun shekarar 2006 aka sa karnukan Maremma gadin tsuntsayen teku daga farmakin wani nau'in yanyawa, kuma wani mai kiwon kaji ne ya ba da shawarar, domin da su yake tsare kajinsa. Karnukanmu na gida galibinsu jinin farauta ne, amma suna koyo idan aka juri zama da su. Abin da zan so ka fara bincikawa shi ne halin uwarsu: idan karyar tana kwance a tsakar gida kaji suna kiwo a gefenta ba ta ko ɗaga kai, to ka yi dace.

Daga mako 8 zuwa mako 16 ne kwikwiyo yake sabawa da abin da zai ɗauka a matsayin nasa, ka ga naka suna daidai lokacin. Ka yi musu wurin kwana jikin akurki, da ragar waya a tsakani, yadda za su riƙa ganin kajin suna jin warinsu ba tare da sun kai gare su ba. Safe da yamma, lokacin da kake watsa hatsi, ka fito da ɗaya a igiya, ɗayan kuma ya jira nasa lokacin, saboda idan suna tare junansu suke zugawa. Ka sa ido a kansa sosai. Da ka ga ya ƙura wa kaza ido, ya sunkuyar da kai, jikinsa ya sandare, sai ka tsawata masa da kalma guda wadda ba ka canzawa, ka ja shi baya tun kafin ya zabura. In kuwa ya kau da kai ya kwanta, ka yaba masa, ka ba shi ɗan abin taɓawa. Manyan kaji da zakara mai zafin rai za ka fara haɗa shi da su, 'yan tsaki sai can gaba.

Inda mutane suka fi yin asara shi ne tsakanin wata 6 da shekara guda da rabi, lokacin da kare ya yi girman jiki amma hankalinsa na wasa ne. Sau da yawa ba yunwa ce take sa shi kashe kaza ba, wasa yake yi da ita har ta mutu. Kada ka bar su da kajin ba kowa sai sun kusa shekara 2. Kada ka jefa musu mushen kaza ko fasasshen ƙwai, kuma ka ƙosar da su sau 3 a yini yanzu, sau 2 idan sun girma. Dabarar nan ta rataya wa kare matacciyar kaza a wuya, ko yi masa dukan kawo wuƙa bayan ɓarna ta riga ta faru, ban yarda da ita ba ko kaɗan, domin abin da yake koya daga ciki shi ne tsoronka da yin ɓarnar a ɓoye.

Kafin su kai ga aiki, kajinka suna buƙatar akurki mai ƙofa da ake rufewa da magariba, a toshe duk ramin da tunku zai iya kutsawa. Haushin kare yana korar muzuru da ɓarawo, amma shirwa daga sama take zuwa, saboda haka ka rufe 'yan tsaki ƙarƙashin raga ko kwando har su yi makonni 6.

Da 'yan kwikwiyon sun cika wata 3 ka kai su wurin likitan dabbobi a yi musu allurar riga-kafin ciwon haukar kare, a riƙa maimaitawa duk shekara, ka kuma nemi ya ba su maganin tsutsar ciki da na kaska a wannan zuwan.